Kafin Ka Saya: Allurar Feftayid Bayan Tiyatar Kafaɗa

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun yi ta shigo mini a kan abu guda, har na ga gara in ba su filin yau gaba ɗaya. Mutum an yi masa aiki a kafaɗa, yana zaune hannu a rataye, sai wani ya turo masa bidiyon wani ƙaton Ba'amurke riƙe da 'yar kwalba, yana rantsuwa cewa ita ta ɗinke masa jijiya cikin 'yan kwanaki. Feftayid suke kiran abin. Ga wasiƙun da na zaɓo, wasu na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana shekararsa 54. Mako 3 ke nan da aka yi masa aikin kafaɗar dama, jijiyar da ta yage aka ɗinke. Yana da ciwon suga. Ba ya samun barci, a zaune yake kwana, abinci ma da hagu yake ci, kuma abin yana damunsa ƙwarai. Ɗan abokinsa ya ce akwai allurai biyu, BPC-157 da TB-500, da za su sa ya warke da wuri, zai kawo mana na wata guda a kan naira 260,000. Ba mu da su a ƙasa, amma ina da sarƙa da ɗankunne na gwal. In sayar? Daga wata uwargida, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya biya ki ladan wannan ɗawainiya. Na gane ba allurar ce ta tsaya miki a rai ba, ganin mutumin da ya saba fita nema yana kwana a zaune ne. Amma gwal ɗinki ki mayar da shi ma'ajiyarsa. Ko ɗankunne ɗaya kada ki sayar saboda wannan.

Bari in fara da sunan, domin da shi ake ruɗa mutane. Ki ɗauki carbi. Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, kamar dogon carbi yake mai ɗaruruwan ƙwayoyi, kowace ƙwaya ana ce mata amino asid. Idan carbin gajere ne, daga ƙwaya 2 zuwa wajen 50, shi ake kira feftayid. Ashe ke nan ba sunan magani ɗaya ba ne, sunan dangi ne. Insulin da masu suga ke yi ɗan dangin ne, ƙwayarsa 51, kuma tun 1922 ake yi wa mutane shi. Oksitosin da ungozomar asibiti ke yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, shi ma ɗan dangin ne, ƙwayarsa 9. Waɗannan an gwada su a kan mutane ba adadi, an san amfaninsu, an san illarsu, an san awonsu. Mai talla yana raɓuwa da mutuncinsu ne ya sayar miki da abin da bai bi hanyar da suka bi ba.

BPC-157 ƙwaya 15 ne. Masu bincike a Jami'ar Zagreb ta ƙasar Kuroshiya, ƙarƙashin Farfesa Predrag Sikiric, su suka fi kowa aiki a kansa tun farkon shekarun 1990. Yawancin aikin a kan ɓeraye aka yi shi: a yanke wa ɓera agara, a ba shi sinadarin, a ga kamar ta haɗe da sauri fiye da ta wanda ba a ba. Ban musa wannan ba. Amma a 2025 wasu likitocin ƙashi a Amurka suka tattara binciken da aka yi a kansa dangane da ƙashi da tsoka da jijiya, suka samu guda 36. A ciki 35 na dabbobi ne da ɗakin gwaji. Ɗaya tak ne na mutane, shi ma ciwon gwiwa ne, mutanen ba su kai 20 ba, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba a yi wa allurar ba. Ɓera ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya daban, dattijo mai suga da aka yi wa ɗinki a kafaɗa daban. TB-500 kuwa kwaikwayon wani guntu ne na sinadarin da ake kira taimosin beta-4, kuma a harkar tseren dawaki ya fara yin suna.

Yanzu ga abin da ke faruwa a kafaɗar maigida. Tsoka huɗu ne suka rungume kan ƙashin dantse suka riƙe shi a gurbinsa, kowace da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi. Likita ya jawo wadda ta yage, ya kafa 'yan ƙananan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashin, ya ɗaure ta. Wannan zare ba shi ne warkewa ba. Riƙo kawai yake yi har jiki ya manne jijiya da ƙashi da kansa, kuma jijiya wuri ce mai ƙarancin jini, shi ya sa ba ta sauri. Yawanci hannu yakan yi mako 4 zuwa 6 a cikin maratayi. Sai wajen mako 12 mannewar ke yin ƙwarin da za a fara ɗora mata nauyi. Komawa aiki sosai kan ɗauki wata 6, wani har shekara. A mako na 3, ciwon dare da kwanan zaune ba alamar aiki ya ɓaci ba ne, kusan kowa sai ya bi ta nan. Ki jera masa filo a baya ya kishingiɗa, ki tura ƙaramin filo a ƙarƙashin gwiwar hannun don kada dantsen ya zame baya. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20 kafin kwanciya, tana taimakawa, amma kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Idan maganin ciwon da aka rubuta masa ba ya kai shi asuba, likitansa za a faɗa wa ya gyara. Batun cin abinci da hagu kuwa ki lallashe shi, lalura ce, kuma mai wucewa ce.

Abin da ya fi kowace kwalba tasiri yana hannunki: sugansa. Suga mai hawa yana jinkirta mannewar jijiya, yana buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, kuma masu suga sun fi marasa suga samun sandarewar kafaɗa. In akwai ɗan kuɗi, a sayi tsinken gwajin suga a riƙa aunawa ana rubutawa. In yana shan taba, yanzu ne lokacin ajiye ta, domin tana matse 'yan hanyoyin jinin da jijiyar ta dogara da su. Sai abinci. Mai jinya mai kilo 70 yana buƙatar furotin kamar giram 85 zuwa 105 a rana, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne, don haka sai an haɗa da wake, awara, kifi, kindirmo marar suga, da nama in ya samu. In sugan ya taɓa masa ƙoda, a tambayi likita kafin a ƙara. Ki raba 260,000 da kuɗin kiret ɗin ƙwai a unguwarku, ko da kuɗin motar zuwa wurin likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi bayan rauni ko tiyata, ki ga wata nawa za su kai ku.

Amma idan kika ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ya ɗau zafi, ko ruwa yana tsattsafowa daga ɗinkin, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana yi masa wuya, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Malam, ba wa'azi nake so ba, na riga na yanke shawara. Shekarata 24, ina ɗaga ƙarfe. Kafaɗata ta riƙa gocewa, aka yi mini aiki mako 5 da suka wuce. Na samu masu sayar da BPC-157 su 3 a Instagram: 45,000, 70,000 da 120,000. Wanne ne orijinal? Kuma an ce a kusa da ɗinkin ake sokawa, haka ne? Daga wani matashi, Kano.

Amsa: Samari, wannan tambaya ta ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Iyayenka sun biya kuɗin tiyata, likita ya tsaya a kanka awanni, kai kuma kana tambayata inda za ka soka allurar da ba ka san mai haɗa ta ba. Ba zan zaɓar maka ko ɗaya ba, ba kuma zan faɗa maka wurin sokawa ba.

Ka ce wanne ne orijinal. Kafin a ce abu jabu ne, sai akwai na ainihi da za a ajiye kusa da shi a kwatanta. Idan ka kawo mini kwalin fanadol ina da abin dubawa: sunan kamfani, adireshinsa, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar lalacewa, lambar rajistar NAFDAC, wadda kai kanka za ka iya bincikawa a kundinsu na intanet mai suna Greenbook. Wasu magungunan ma akwai wurin kankarewa ka tura lamba ta waya a amsa maka. Wannan kwalbar fa? Babu wata hukumar magunguna da ta amince da BPC-157 a matsayin maganin ɗan Adam, don haka babu kamfanin da ake bibiyar masana'antarsa a kansa kamar yadda ake bibiyar masu yin insulin. Ka juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Mafi yawansu an rubuta da Turanci cewa na bincike ne kawai, ba na amfanin mutum ba. Ba don ado aka rubuta ba. Mai kayan ya wanke hannunsa ne tun kafin ka biya, don in wani abu ya same ka ya ce ai ya faɗa.

Za su turo maka hoton wata takarda mai tambari wai shaidar gwaji ce, an rubuta tsabtarsa kashi 99. Yaron da ya iya waya zai haɗa maka irinta kafin ka gama shan shayi. Ko ta gaskiya ce, wa ya ce ta kwalbar da ke hannunka ce? Kuma wannan lissafi na sinadarin ne kawai. Bai ce komai ba a kan ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ko gubar da suke bari bayan sun mutu, wadda ke jefa mutum cikin zazzaɓi da rawar sanyi idan ta shiga jiki. Farin gari ne a gindin kwalba. Da ido ba ka bambanta shi da kowane farin gari. Bambancin 45,000 da 120,000 yana iya zama bambancin kwali da iya baki kawai, mu kuma mun saba ɗauka cewa mai tsada shi ne mai kyau.

Sai zafi. Garin yakan ɗan jure, amma da zarar an haɗa shi da ruwa sai firji. Ka tambayi kowace ma'aikaciyar ɗakin haihuwa wahalar da ake sha da oksitosin, wanda ake so ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, da yadda yake rasa ƙarfi idan ya sha zafi. Wannan fa magani ne mai rajista, mai kamfani, mai motar sanyi. Taka kwalbar za ta biyo motar haya daga Legas cikin kwali, ta kwana a tasha, ta iso Kano inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ta shiga firjin da kai ka san awa nawa yake samun wuta a rana.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan ci gaba da faɗa har a gaji da ni. Mutanenmu sun iya sayen atamfa. Mace za ta murza, ta shinshina, ta duba baki, ta ɗaga a rana. Namiji zai zagaya babur sau uku, ya kira makaniki ya saurari inji. Amma abin da zai shiga jini, sai a karɓa daga hannun wanda ko sunansa na gaskiya ba a sani ba, saboda yana da mabiya da yawa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Wannan a cikin magungunan da ake sa wa ido ke nan. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda gurɓataccen sinadari da ya shiga cikinsa. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗa cewa 'yar'uwarta ta rasu a 1988 sakamakon insulin na jabu. Ka lura, insulin. Feftayid ɗin da duniya ta fi sani, wanda ke da na ainihi da za a kwatanta, shi ma an yi jabunsa an kashe rai. Ina ga wanda ba shi da mai tsaro ko ɗaya?

Na taɓa raka ɗan maƙwabcina asibiti da daddare. Allurar ƙarin ƙarfi wani ya yi masa a bayan shago, a dantse. Kwana biyar ya ɓoye, yana sa riga mai dogon hannu cikin zafi. Da aka yanke rigar da almakashi, domin ba ta fituwa, dantsen ya yi suntum yana sheƙi kamar an shafa mai. Likita ya tsaga, mugunya ta cika ƙaramin kwanon silba, warin ya kori mahaifiyarsa waje tana kuka. Wannan yaro ba shi da komai a cikin kafaɗarsa sai naman da Allah Ya ba shi. Kai kuwa akwai ƙusoshi da zare a taka. Ƙwayoyin cuta suna son irin waɗannan, sukan manne musu su yi wa kansu rufi ta yadda magani ba ya kai musu da sauƙi. Idan suka shiga, magana ta koma sake buɗe kafaɗa, wankewa, wataƙila cire ƙusoshin, da makonni ana shan magani ko ana ɗura shi ta jijiya. Garin gyaran gira ka rasa ido.

Ko da a ce abin da ke kwalbar shi ne abin da aka rubuta, tsab, akwai sauran magana. A jikin dabbobi an ga yana ƙarfafa tsirowar sababbin hanyoyin jini. Shi ake tallatawa a matsayin amfaninsa, amma da irin wannan hanya ciwon daji ma yake ciyar da kansa, kuma ba a bi mutane shekaru an ga abin da ke biyo baya ba. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa shi a jerin sinadaran da ta ce akwai damuwa a kan haɗarinsu, saboda yiwuwar jiki ya yi masa bore, da gurɓata wajen haɗawa, da ƙarancin bayani a kan mutane.

Na san abin da ke damunka. Kana kallon dantsenka yana saɓulewa a madubi, abokai suna wurin ɗaga ƙarfe kai kana gida. Tsoka tana dawowa, kuma da sauri take dawowa ga wanda ya taɓa gina ta. Gyaran da ya tsinke shi ne ba ya dawowa sai da wata wuƙar. Abin da ya fi tsinka shi kuwa shi ne saurayin da ya ji ciwo ya lafa a mako na 7 ya ɗauka ya warke. Ka kai kuɗin nan wurin likitan fisiyo, ka tambaye shi motsin ƙafa da na ciki da za ka iya yi yanzu ba tare da ka taɓa kafaɗar ba.

Tambaya: Ni ba allura ba ce, garin kolajin ne da aka rubuta feftayid a jikin gwangwaninsa, jika 18. Yana da amfani? Kuma ya halatta? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malama, wannan abinci ne, ba ya cikin abin da nake faɗa a kai. Fata da ƙashin dabba ake dafawa a farfasa a busar. Idan kika sha, hanji zai narka shi kamar kowane furotin, jiki ya kai inda ya ga dama, ba lallai kafaɗa ba. Akwai wani ƙaramin gwaji na 2017 da aka ba maza 8 masu lafiya giram 15 na jelatin, wato dafaffen kolajin, da bitamin C awa ɗaya kafin motsa jiki, aka ga alamar ƙera kolajin ta ƙaru a jininsu. Maza 8 ne, kuma ba masu tiyata ba. In kina da hali, ba zai cuce ki ba. In kuɗin na cefane ne, farfesun ƙafar saniya da ganda dangin abu ɗaya ne, ki bi su da gwaiba ko lemo ko kunun kuka saboda bitamin C. Kada dai ya maye miki gurbin ƙwai da wake da kifi, domin kolajin furotin ne da bai cika ba. Batun halacci, ki duba daga me aka yi shi: akwai na saniya, akwai na kifi, akwai na alade. Wanda bai faɗi asalinsa ba ki bar musu. Na kifi ya fi kwanciyar hankali, na saniya a nemi tambarin halal.

Tambaya: Ni ɗan ƙwallo ne, mai tsaron gida. Idan na yi na wata ɗaya kawai lokacin jinya, ai ba za a gane ba ko? Daga Jos.

Amsa: Tambayar da kanta ta nuna ka san haramun ne a sana'arka. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta BPC-157 tun Janairun 2022, TB-500 ma yana cikin jerinta, kuma haramcin ya haɗa da lokacin da ba ka wasa. A Janairun 2016 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar Essendon ta Ostireliya a kan taimosin beta-4, duk da cewa a ƙungiyarsu aka shirya musu alluran. A dokar, abin da ya shiga jikinka kai ke da alhakinsa. Kada ka yi.

Tambaya: Malam, ni a Amurka nake. Nan wani asibitin gyaran jiki ne da kansa ya ba ni tayin alluran bayan aikin kafaɗa, likita ne mai lasisi, amma inshora ba ta biya. Wannan ma jabu ne? Daga wani ɗan'uwa, Houston.

Amsa: Ɗan'uwa, naka ya fi na mai Instagram ta fuskar tsabta, in har daga kantin haɗa magani mai lasisi suke samowa, kuma wannan sai ka tambaya. Amma farar riga ba ta mayar da binciken ɓera ya zama na mutum. A can ana ta ja-in-ja a kan dokar haɗa waɗannan sinadarai, kuma ko an sassauta ta, izinin haɗawa daban, shaidar cewa abu yana warkarwa daban. Ka kai takardar tayin wurin likitan da ya yi maka aikin, ba wanda zai karɓi dalarka ba. Ka tambayi masu tayin wane gwaji aka yi a kan mutanen da aka ɗinke wa jijiyar kafaɗa, kuma wa zai ɗauki nauyi idan wurin ya ruɓe. In a danginku akwai tarihin ciwon daji, ko kai ka taɓa yi, ka faɗa tun kafin a tambaye ka.

Tambaya: Mako 7 da aikina sai zazzaɓi ya kama ni. Mai kemis ya ce taifot ne, ya ba ni sifro da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, deksa. Shekarata 62. Akwai matsala? Daga wani dattijo, Gusau.

Amsa: Baba, madalla da ka tambaya, domin wannan ya fi duk maganar feftayid gaggawa. Sifrofuloksasin da danginsa an san suna raunana jijiya har ta tsinke. Tun 2008 FDA ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalinsu saboda haka, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60 da wanda ke shan irin su deksa. Kai kuwa duka biyun sun haɗu a kanka, ga kuma sabon ɗinki. Sannan zazzaɓi bayan tiyata ba a yanke masa hukunci a kan kanta, sai an duba kafaɗar an gwada jini. Ka sa yara su kai ka asibiti yau kafin ka ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, ku tafi da fakitin magungunan a hannu, ka kuma faɗi kwana nawa ka yi kana sha, domin deksa in an daɗe a kansa a hankali ake janye shi. Allah Ya ƙara sauƙi.

Tambaya: Mahaifiyarmu mako 10 da aiki, har yanzu ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Kawunmu ya ce a kai ta wurin mai ɗori ya ja hannun ya saki, wata 'yar'uwa kuma ta ce a sayo allurar nan. Inna ta fara cewa ita ta haƙura da hannun. Ni kuma kuka nake yi a ɓoye. Daga wata ɗiya, Bichi.

Amsa: Ɗiyata, share hawayenki. Mako 10 ba a makara ba ko kaɗan, mutane da yawa a wannan lokaci ba su kai hannu ka ba tukuna, ballantana dattijuwa. Ki ba Kawu haƙuri cikin ladabi, ki ce masa wannan ba targaɗe ba ne, ba kuma karaya ba: akwai zare da ƙusoshi a ciki, ja ɗaya mai ƙarfi zai iya tsinka abin da aka yi mako 10 ana jira ya kama. Allurar kuwa kin ji abin da na faɗa a sama, kuma ko masu tallanta ba za su iya nuna miki gwajin da ya ce tana sakin kafaɗar da ta sandare ba. Motsi ne ke sakinta, a hankali, kullum.

Kuna kusa da Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, duka suna da sashen fisiyo. Ku tafi da takardar sallama da bayanin aikin da aka yi mata, domin sai sun san girman yagewar kafin su san inda za su tsaya. A gwada mata suga ko ba ta taɓa yi ba. Ki shiga ɗakin tare da ita, ki roƙi izini ki ɗauki motsin a waya, saboda mafi yawan aikin a gida za a yi shi, kuma ke ce za ki tsaya mata. Ki tambaye su ko lokaci ya yi da za ta fara zura hannu a kan tebur da tawul a ƙarƙashin tafinta, da tattaka bango da yatsu. In sun amince, ku ɗaura shi da lokutan salla don kada a manta, bayan ta ɗan gasa wurin da tawul mai ɗumi. Jan da take ji ba laifi, amma ciwo mai suka, ko wanda ya kwana bai lafa ba, alama ce an wuce gona da iri, sai a rage a sanar da su.

Ɗankwalin kuwa ki riƙa ɗaura mata kafin ta nema, ko ki samo mata hula mai roba a yanzu. Ki sami alli, duk ranar Juma'a ki ja layi a bangon ɗakinta daidai inda yatsunta suka kai, ki rubuta kwanan wata a gefe. Ranar da ta sake cewa ta haƙura, ki kama hannunta mai lafiya ki kai ta gaban bangon ta ƙirga layukan da kanta.